Amsoshin Tambayoyinku: Fitsari Na Kuɓuce Wa Maigidana Tun Bayan Haɗarin Mota, Zaryar Asibiti Ta Ƙi Ƙarewa

TAMBAYA

Maigidana direba ne, shekarunsa 43. Bara waccan ya yi haɗari a hanya, ya ji rauni a ƙashin baya, ƙafafunsa suka daina aiki, amma hannayensa lafiya lau. Da farko fitsari ba ya fita sam, sai aka sa masa roba. Bayan wasu watanni aka cire, muka yi ta murna. To tun daga nan fitsarin ya koma zubowa da kansa, ba dare ba rana, ba ya jin zuwansa, sai dai ya ga ya jiƙe. Sau uku ana kwantar da shi saboda zazzaɓi mai zafi, a ce sanyi ne ya kama mafitsara, a yi allurai a sallame mu, bayan 'yan makonni abin ya dawo. Yanzu ya rage shan ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa, ya hana abokansa shigowa, har sallah yana cewa yana shakkar tsarkinsa. Wasu sun ce mu kai shi asibitin masu yoyon fitsari, dangi kuma suna cewa sammu ne. Kuɗin kunzugu da na magani sun cinye ɗan abin da muka tara. Shin wannan lalura tana da magani? Ko haka za mu yi ta zaryar asibiti har ƙarshen rayuwa?

Daga wata baiwar Allah, Funtuwa.

AMSA

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan jinya.

Bari in fara ba ki amsar a taƙaice kafin in warware ta. Lakar da ta ji rauni, har yau likitoci ba su iya ɗinke ta ta koma yadda take. Amma mafitsara ana iya shawo kanta, har mutum ya wuni a bushe, ya karɓi baƙi, ya koma neman abincinsa. Zaryar da kuke yi kuwa ta yi yawa ne domin duk zuwan da kuka yi zazzaɓin ake magancewa, abin da ke haifar da shi yana nan ba a taɓa shi ba. Akwai kuma abin da nake so ki riƙe da kyau: jiƙewar da kike gani ita ce mai ban kunya da cin kuɗi, amma abin tsoro a wannan lalura shi ne halin da ƙoda take ciki, wanda ba a gani da ido.

Abin da ya faru da mafitsararsa

Ƙoda biyu suna tace jini dare da rana, suna fitar da kimanin lita ɗaya da rabi na fitsari a yini. Fitsarin yana gangarowa ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara, wadda jaka ce ta tsoka mai ɗaukar mililita 400 zuwa 500, wato kusan cikin ledar fiya wata guda. A bakinta akwai wata tsoka mai tsuke hanya. Idan jakar ta fara cika, jijiyoyi suna kai labari ta cikin laka zuwa ƙwaƙwalwa, ita ce ke cewa a dakata har a isa makewayi. Idan lokaci ya yi sai ta ba da umarni biyu a tare: jaka ta matse, baki ya saki.

Haɗarin ya katse wannan hanyar saƙo. A makonnin farko lakar da ke ƙasan rauni takan yi kamar ta suma, mafitsara ta saki jiki, fitsari ya ƙi fita. Dalilin sa masa roba ke nan. Daga baya sai lakar ta farfaɗo ta ci gaba da aiki, amma ba tare da jin maganar ƙwaƙwalwa ba. Da fitsari ya ɗan taru sai mafitsara ta matse da kanta, ba sallama ba gargaɗi. Ana ganin irin wannan ga masu shanyewar ɓarin jiki, da masu cutar Parkinson, da waɗanda tarin fuka ya ci musu ƙashin baya, da yaran da aka haifa da buɗaɗɗen gadon baya.

Ga masu raunin laka akwai ƙarin matsala. Sau da yawa a daidai lokacin da jakar ke matsewa, bakin ma sai ya ƙara tsukewa maimakon ya saki. Ki ɗauka salka ce cike da ruwa, an ɗaure bakinta, ana kuma dannata da ƙarfi. Kaɗan zai tsarto ta baki, sauran ya zauna a ciki, ƙarfin dannar kuma ya nemi wata mafita. A jikin mutum wannan mafita ita ce bututun da suka sauko daga ƙoda. Fitsari yakan koma sama, ƙoda ta kumbura, ta riƙa lalacewa a hankali ba tare da ciwo ba. Tun 1981 wani likitan mafitsara ɗan Amurka, Edward McGuire, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan matsin cikin mafitsara ya wuce ma'aunin santimita 40 na ruwa kafin fitsari ya samu fita, ƙoda tana cikin haɗari. Fitsarin da ya kwanta kuwa shi ne gidan ƙwayoyin cuta. Ga tushen zazzaɓin da ya kwantar da shi sau uku.

Don haka wannan daban yake da yoyon fitsarin da aka sani ga mata. Wancan huda ce da doguwar naƙuda ke yi wa mafitsara, kuma cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina da Laure a Kano ɗinke hudar suke yi. Mafitsarar maigidanki ba ta huje ba, umarni ne ya daina isa gare ta. Likitan da yake buƙata shi ne likitan mafitsara da hanyoyin fitsari. Masu cewa sammu ne kuma, ki ba su haƙuri, ki nuna musu hoton bayansa. Raunin yana nan a fili, abin da ya biyo baya kuma sananne ne ga duk wanda ya ji irinsa. A yi ta addu'a, amma kada a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da za su yi wa ƙoda ba.

Me ya sa zaryar ta yi yawa

Ba ku kaɗai ba ne. Cibiyar da ke tattara alƙaluman masu raunin laka a Amurka, wadda ke Birmingham ta jihar Alabama, ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na masu wannan rauni ana sake kwantar da su a asibiti a kowace shekara, kuma matsalar fitsari ce kan gaba wajen jawo haka, sai gyambon kwanciya ya biyo. Idan haka take a ƙasar da ke da kayan aiki, ki auna yadda za ta kasance inda ake sallamar majiyyaci ba a koya masa komai game da mafitsararsa ba.

A da, wanda ya ji raunin laka ba ya daɗewa, cutar fitsari da gyambo su ne ajalin mafi yawansu. Abin ya fara sauyawa a 1944, lokacin da Dakta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, ya dage a kan a riƙa juya majiyyaci a kan lokaci, a kuma riƙa zuƙe masa fitsari a kan lokaci. A 1972 kuma Dakta Jack Lapides na Jami'ar Michigan ya nuna cewa majiyyaci zai iya yin wannan zuƙewa da kansa a gida, da hannu mai tsabta kawai, ba sai an tanadi kayan ɗakin tiyata ba. Hujjarsa ita ce barin mafitsara ta cika ta kumbura ya fi cutarwa a kan 'yan ƙwayoyin cutar da roba za ta shigar. Wannan ilimi ya haura shekara 50, ba ya kuma buƙatar na'ura mai tsada.

Zuwa asibiti iri biyu ne. Akwai na gaggawa, da tsakar dare, da zazzaɓi da kuɗin gado da ƙarin ruwa. Akwai kuma na alkawari, wanda ku kuka shirya masa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Duk abin da zan faɗa miki yanzu, manufarsa ku bar na farko ku koma na biyu.

Awon da ya kamata a yi

Ki nemi takardar turawa zuwa sashen mafitsara na babban asibiti. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ya fi kusa da ku, da na Malam Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Kafin ku tafi, ki ɗauki littafi ki yi rubutu na kwana uku: ƙarfe nawa ya sha ruwa ko shayi, nawa ya sha, ƙarfe nawa ya jiƙe, da yawa ne ko kaɗan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan littafi zai gaya wa likita abin da awo ba zai gaya masa ba.

A can ki roƙi abu huɗu. A auna fitsarin da ke saura a mafitsara bayan ya zuba, da sikanin ko da roba. Idan yana wuce mililita 100 a kai a kai, mafitsara ba ta juyewa. A ɗauki hoton ƙoda da mafitsara don a ga ko akwai kumburi ko tsakuwa. A yi awon jini na aikin ƙoda, amma a tuna cewa wanda tsokar ƙafafunsa ta zube, sakamakonsa yakan fito da kyau ko da ƙodar ta fara gazawa, shi ya sa hoton ya zama dole. Na huɗu shi ne awon matsin mafitsara, wanda ake ɗura ruwa a hankali ta siririyar roba ana auna ƙarfin matsewar. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, ki tambaya inda za a tura ku.

Robar sa-ka-cire

Wannan ita ce ginshiƙin jinyar. Siririyar roba ce da ake shafa wa man santsi na asibiti, a zura ta hanyar fitsari, a juye mafitsara tas, a zare. Minti biyar ya isa. Ana yi sau huɗu zuwa shida a yini, a tsara yadda abin da zai fito kowane karo ba zai wuce mililita 400 zuwa 500 ba. Idan ana juye mafitsara kafin ta kai inda take matsewa, zubar tana raguwa, matsin yana sauka, ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun wurin kwana.

Kin ce hannayensa lafiya lau. Wannan babbar ni'ima ce, domin shi zai riƙa yi da kansa. Namiji mai shekara 43 da ya saba ciyar da gida, abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce sai an tsaftace shi. Ranar da ya koyi wannan aiki, ya karɓi sirrinsa ya riƙe da hannunsa. Nas ce za ta koya muku, ta zaɓa masa girman da ya dace, ta kuma gaya muku ko irin robar da kuka samu ana wanke ta a sake amfani da ita. A wanke hannu da sabulu kafin a fara, kada a yi amfani da man gyaɗa ko basilin wajen santsi, kuma idan roba ta ƙi shiga kada a tura da ƙarfi.

Robar da ake bari a jiki tana da nata wurin, ga wanda ba shi da hannu ko mai taimako. Sai dai zamanta na dogon lokaci yana jawo cuta da tsakuwa da raunin hanyar fitsari, kuma dole a riƙa canza ta, wata irin duk mako huɗu, ta silikon har mako 12. Idan za ta daɗe, gara wadda ake sawa ta ƙasan cibiya. Akwai kuma wadda ake sa wa namiji daga waje kamar kwaroron roba, a haɗa da jaka. Tana hana jiƙewa, amma ba ta rage matsin ciki, don haka sai likita ya tabbatar mafitsara tana juyewa lafiya.

Magunguna

Akwai ƙwayoyin da ke kwantar da mafitsara ta daina matsewa barkatai, irin su oxybutynin da tolterodine da solifenacin. Sukan busar da baki, su taurara bayan gida, su rage zufa, don haka a kula da shi sosai lokacin bazara. Mai hawan jinin ido ya faɗa wa likita kafin ya fara. Akwai mirabegron, wanda ba ya busar da baki sosai amma yana iya ɗaga hawan jini. Ina roƙonki kada a sayo ko ɗaya a kemis ba tare da likita ba. Maganin da ya hana mafitsara matsewa yana ƙara fitsarin da ke kwanciya, shi ya sa ake haɗa shi da robar sa-ka-cire.

Idan ƙwayoyi sun gaza, akwai allurar Botox da ake yi wa bangon mafitsara ta cikin na'ura. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan lalura a 2011, tana kuma aiki kimanin wata tara kafin a sake. Tana da tsada. A ƙarshe akwai tiyatar faɗaɗa mafitsara da wani yanki na hanji. Yawancin majiyyata ba sa kaiwa nan.

Aikin gida

Ki lallashe shi ya koma shan ruwa. Ƙishin da yake wa kansa yana sa fitsari ya yi kauri, ya ƙara tsokanar mafitsara, ya ƙara wari, ya tara tsakuwa. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, a rarraba, a rage bayan magariba. Goro da shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙin ruwa suna tayar da mafitsara, direbobi kuma an san su da waɗannan, sai a rage. Batun azumi, a tambayi likita kafin watan ya kama.

A kula da bayan gida, domin hanjin da ya cushe yana danne mafitsara. Kuka da zogale da alayyafo da wake da gwanda suna taimakawa, a kuma sa masa lokaci guda da zai riƙa zagawa. Fatar da ta kwana cikin fitsari ita ke zama gyambo: a wanke, a tsane, a shafa basilin ko man zinc, a juya shi duk awa biyu idan yana kwance, ki riƙa duba ƙugu da mazaunai da dunduniya kullum.

Sai maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kusan duk mai amfani da roba, idan aka gwada fitsarinsa za a ga ƙwayoyin cuta, kuma wannan kaɗai ba ciwo ba ne. Wari ko duhun fitsari ba tare da zazzaɓi ba, ruwa yake nema. Yawan shan kafso ba dalili yana koya wa ƙwayoyin cutar jure magani, har ranar da za a buƙace shi ya ƙi ci. Idan akwai zazzaɓi, a kai fitsari a gano irin ƙwayar kafin a fara magani, a kuma gwada maleriya.

Ku tafi asibiti ba jira idan kin ga zazzaɓi da rawar sanyi, ko amai, ko jini a fitsari, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙafafu da fuska sun kumbura, ko ya fara ruɗewa. Ki kuma tambayi likita a wace gaɓa raunin yake. Idan daidai ƙahon zuci ne ko sama da haka, cikar mafitsara tana iya harba jininsa sama farat ɗaya, da ciwon kai mai sara, da zufa a fuska, da toshewar hanci. Idan haka ta faru a zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafi, a juye mafitsara nan take. In bai lafa ba cikin 'yan mintoci, a garzaya da shi.

Kuɗi da tsarki

Ki zauna ki lissafa abin da kunzugu ke ci a wata, ki haɗa da kuɗin kwanciya uku da kuka yi, sannan ki kwatanta da kuɗin roba da man santsi da hoton ƙoda sau ɗaya a shekara. Ki kuma tuna cewa ƙodar da ta mutu sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wanda ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun tallafa wa marasa ƙarfi, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Ki je ofishin hukumar jiharku ki tambayi yadda ake rajistar masu buƙata ta musamman, ki kuma nemi ofishin jin ƙai na asibitin da za ku je. 'Yan'uwan da ke zuwa dubiya, ki faɗa musu a fili abin da ake buƙata. Wani zai ɗauki kuɗin roba, wani kuɗin mota.

Batun sallah kuwa, malamanmu sun daɗe da warware shi. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Littafin Risala ya nuna an so mai wannan lalura ya sabunta alwala a kowace sallah, an kuma yi masa rangwame a kan abin da ya taɓa tufa idan wankewa kullum zai zama wahala. Ki sa malamin da yake girmamawa ya zo ya faɗa masa da bakinsa. Zai fi natsuwa, kuma wannan ziyara za ta iya buɗe ƙofar da ya rufe wa abokansa. Idan kin ga shirun ya yi yawa, ba ya cin abinci, ba ya barci, ko yana maganar gara ya mutu, ki sanar da likita, domin ciwon damuwa yana yawan bin wannan rauni kuma yana da magani.

Ke ma ki nemi mai karɓarki ko da yini ɗaya ne a mako, jinya doguwa ce. Ki fara rubutun kwana ukun nan gobe, ki nemi takardar turawa cikin wannan mako, kada ki jira zazzaɓi na huɗu. Idan kun shiga wurin likita, ki ce masa: a duba mana ƙoda, a auna abin da ke saura a mafitsara, a koya masa sa roba da kansa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki juriya da lada, ya buɗa muku hanya.